Ranar da Malamin Fiziks Ya Karɓe Littafina

Shekarun baya, ina aji biyar a sakandare, na fara rubuta wani labari a bayan littafina na fiziks. Makarantarmu na ɗauka ɗungurungum daga Gombe na kai ta duniyar wata, har da mai awarar bakin get. Malamai duk na mayar da su mutum-mutumi. Mugun cikinsu na ba shi sanƙo da tabarau da yawan cewa "kun gane ko?", wato malaminmu na fiziks sak.

Ƙawata, 'yar Tangale da muke shiga keke ɗaya daga Bolari, ita ke zana hotunan. Littafin ya yi ta yawo a ƙarƙashin benci, har ranar da wata ta kasa riƙe dariya ana tsakiyar darasin fiziks. Malam ya miƙa hannu ya karɓa, ya jefa a jaka, ya ci gaba da koyarwa.

Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Mahaifina ba ya wasa da mutuncin malami. Na san in aka kira shi makaranta, ni da rubutu mun rabu ke nan. Ƙawata ta ce, "Ki ce ni na rubuta." Na ce, "Da rubutun hannuna?"

Ranar Alhamis Malam ya aika a kira ni. Na shiga ofis na durƙusa, hawaye na jiran umarni. Ya buɗe littafin, sai na ga jan biro ko'ina.

Ya ce, "Kin ce iska ta ɗauke hijabin yarinyar nan a filin makaranta. Wace iska? A duniyar wata?"

Ya ɗora yatsa a kan wani layi.

"An kuma kaɗa ƙararrawa a waje, kowa ya ji. Me ya ɗauko sautin?"

"Ban sani ba, Malam."

"Na koyar da shi zangon da ya wuce. Kina can kina rubutu." Ya juya shafi, ya ɗan shafa kansa. "Shi kuma wannan mai sanƙon, ban ga inda yake samun wuta ba. Ki gyara. Ranar Litinin ina son babi na gaba."

Haka na koma tambaya a aji, ba don jarrabawa ba, don kada ɗalibaina na wata su shaƙe. Har na wuce fiziks da kyar, abin da gidanmu ba wanda ya zata.

Ban zama masaniyar kimiyya ba, labarin ma ban ƙarasa shi ba. Littafin ya ɓace lokacin da muka tashi zuwa unguwar Barunde. Amma a ofishin nan ne karo na farko da wani babba ya karanta shirmena tun daga farko har ƙarshe, ya ga ya isa a gyara shi. Har yau ina rubutu, kuma ba na ɓoye shi a bayan littafi.