Audugar Inna a Cikin Matatar Mai

Ƙauyenmu yana ƙasar Sudan, kudu da Wad Haddad, a bakin tur'a, wato magudanar da ke kawo ruwan Nilu cikin gonakin auduga. Duk dattijon da ka tambaya a cikinsa zai ce maka shi matafiyi ne, ya ɗan tsaya ne ya huta. Kakata, Inna Hauwa, ta yi wannan hutu har kanta ya yi fari fat. Ta baro ƙasar Sakkwato da ƙuruciyarta, ita da kakana, a ƙasa, da niyyar Makka. Kakana ya cika a nan yankin Jazira, a hawashar wani Balarabe, wato gonar audugarsa, da fartanya a hannunsa. Ita kuwa ta zauna ta raini mahaifina da tsinkar auduga. Ba ta taɓa yarda an dasa itace a tsakar gidanmu ba, domin ta ce ba za ta tsaya jiran inuwarsa ba.

A lokacin sanyi, idan an dawo daga tsinka, an ci tuwo, an yi sallar isha, sai ta hura wutar karan dawa a ƙofar ɗakinta, mu jikokinta mu kewaye ta. Hannunta ba ya zama banza. Mazari ne kullum yake juyawa a kan kaskonta, domin akwai audugar da take warewa gefe kowace shekara, mafi tsawon gashi kuma mafi fari, tana kaɗi da ita. Wani masaƙi a Suki ya mayar mata da zaren ƙyalle, kuma kowa a gidan ya san ko na mene ne: likkafaninta ne, wanda za ta wanke da ruwan Zamzam idan ta isa.

Idan ƙannena suka kira ta Habboba, kamar yadda yaran Larabawa ke kiran kakanninsu, sai ta ɗaure fuska. “Wanga suna ba nawa ba ne. Ku neme ta a birnin Madani.” Ni kuwa Maigida take kirana, irin wasan kaka da jika. “Maigida, ka zamna nan kusa, kada a ce na bar mijina ga sanyi. Miji ba cefane, ba tufafi, sai cin ƙanzo.” Sai a yi dariya, ni in sunkuyar da kai ina jin daɗi.

Tana da yadda take buɗe tatsuniya. Takan ce, “Ga ta tafe daga yamma,” mu amsa, “Ta sauka mu ba ta ruwa.” Akwai guda ɗaya da muka fi roƙo, ko da yake ita ce ke ɓata mana rai. Wata mata ce ta kama hanyar wani babban birni, ba ta da komai sai tulu da ƙwarya da farin ƙyalle. Duk inda ta tarar da ruwa, gurɓatacce ne. Sai ta ɗaura ƙyallen a bakin tulu, ta ɗebo da ƙwarya ta zuba, laka ta tsaya a ƙyalle, ruwa mai kyau ya sauka. Tafiya ta yi nisa, tulu yana ƙara sheƙi, ƙwarya tana ƙara santsi, ƙyalle kuwa yana ƙara baƙi. Da suka hango ƙofar birni, tulu da ƙwarya suka ce wa matar, “Kada ki shiga da wannan tsumma, zai ba mu kunya.” Sai matar ta rataye shi a kan ƙaya. Ƙyalle ya ce, “Ku shiga lafiya. Dama don ku isa na zo.”

A nan muke tayar da rigima. “Inna, ta koma ta ɗauko shi?” Sai ta ja zarenta ta ce, “Ban ji an ce ta koma ba.” Sa'annan ta rufe da cewa, “Ta sha ruwa, ta tashi, ta yi gabas.”

Mahaifina, Malam Isa, ya yi shekaru yana yaron mota tsakanin Sinnar da Dindir, har Allah ya ba shi ikon mallakar tsohuwar lori tasa ta kansa. Ranar da ya shigo da ita ƙauye, bai fara zuwa wurin kowa ba sai wurin Inna. Ya durƙusa ya ce, “Inna, bana ba ki sake tsinkar auduga don guzuri. Da hannuna zan kai ki Bur Sudan, in sa ki a jirgin ruwa.” Ta dube shi, ta dubi motar, ta ce, “Isa, wagga aba mai tari ita za ta kai ni?” Amma a daren nan ta fito da likkafanin ta shanya shi ya sha iska.

Da lokacin tafiyar alhazai ya matso, Baba ya ce ba zai hau wannan doguwar hanya da tsohon baƙin mai ba. Ya ɗumama injin da safe, ya kashe shi, ya shiga ƙarƙashi da sufana, ya kwance notin ƙasa, mai ya zubo cikin tsohuwar tasa, baƙi ƙirin. Daga nan ya kwance dogon notin da ke riƙe da gwangwanin matatar mai, wadda a nan ake ce wa masfa. A cikin gwangwanin akwai wani abu kamar ƙaramar ganga, ƙarfe mai huji-huji a tsakiya, an naɗe shi da wani irin kauri mai kama da bargo. Shi ne ke tare ƙasa da ɓarɓashin ƙarfe kada su koma cikin inji. Wanda ya riga shi mallakar motar ya yi ta wanke shi da kananzir yana mayarwa, har ya ruɓe. Da Baba ya taɓa shi, yatsansa ya shige.

Ya naɗe shi cikin tsumma ya tafi Madani, ni ma ya tafi da ni. Mai shagon kayan mota ya jero masa iri-iri a kan tebur, Baba yana gwada kowanne da tsohon. Wani ya yi gajarta, kuma gajere ba ya toshe sama da ƙasa, mai zai bi ta kansa ya wuce ba a tace ba. Wani ya yi kauri, ba zai shiga gwangwanin ba. Wani tsawonsa daidai, amma hujin tsakiyarsa ya yi ƙanƙanta ga notin. Mai shagon ya ce, “Ya Hajj, irin naka sai daga Khartum. Ka dawo bayan Idi, in sha Allah.” Baba ya ce, “Bayan Idi alhazai suna hanyar dawowa.” Muka zaga kasuwar duka, muka komo hannu banza.

A wannan maraice Inna ba ta yi tatsuniya ba. Ta sa aka kawo mata ruɓaɓɓiyar matatar kusa da wuta, ta juya ta, ta shinshina. Ta ce, “Isa, mi wanga abu ka yi a cikin mota?” Ya ce, “Tace mai yake yi, Inna.” Ta yi dariya har da tafa hannu. “Tata? Don tata ne aka tafi Madani aka komo da dogon baki? Tun daga Gulbin Rima har wagga tur'a, wa ya tace maku ruwan da kuka sha? Ga auduga cike da gari, ku ke shuka ta, ku ke tsinke ta, kuna jiran Khartum.”

Baba ya karɓi matatar ya sake duba ta. Ba jahili ba ne. Ya taɓa gani da idonsa masu injin ban ruwa a Suki suna cusa tarkacen zaren auduga a cikin matatarsu, injin kuma yana ta aiki. Abin da bai sani ba, kuma babu mai gaya masa a ƙauyen, shi ne matatar waɗancan injuna ɗan mai kaɗan take karɓa a gefe, a hankali, alhali ta lorinsa dukan man injin ne ke bi ta cikinta da ƙarfi. Ya ce, “Inna, sai dai auduga mai kyau ƙwarai, da ƙyalle mai ƙarfin saƙa da za a naɗe ta.” Sai Inna ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ta fito da audugarta ta gefe, wadda ta gurje ta shiɓe da hannunta, da likkafanin, da aska. Mahaifiyata ta ce, “Haba Inna, ban da wannan!” Ta ce, “Ai shi ma Makka za shi. Bari shi yi aikin hanya.” Ta yanki wajen kamu guda daga gefensa.

Da gari ya waye Baba ya kankare ƙarfen tsakiya, ya naɗa masa audugar sosai, ya rufe da ƙyallen, Inna ta ɗinke bakin da allurarta. Ya wanke gwangwanin, ya shafa wa zoben robar da ke bakinsa sabon mai, ya ɗaure noti, ya zuba mai har ya kai alama a jikin sandar gwaji. Da ya tayar da injin, allurar agogon da ke nuna ƙarfin mai ta hau daidai, babu ɗigo ko ɗaya. Inna ta dube ni ta ce, “Maigida, ka ga matarka ta zama makanike. Kai mi ka iya?” Ban taɓa ganin fuskarta da haske irin na wannan safiya ba.

Ƙauye duka ya fito rakiya. Ta zauna a gaba kusa da Baba, ni ina gefenta don in taya shi dawowa. Muka haye Nilu, muka wuce Gadarif lafiya, tana ta lissafo mini garuruwan da ta ratsa a ƙasa tun daga Barno. Muna kan hanyar Kasala, rana tsaka, cikin wani fili da babu ko bishiya, na ga Baba yana yawan duban allurar mai. Ta fara rawa, sa'annan ta faɗi ƙasa. Kafin ya tsaya, wata ƙara ta tashi daga cikin injin kamar ana dukan turmi da taɓaryar ƙarfe. Daga nan sai shiru.

Da ya kwance gwangwanin, ɗinkin Inna bai warware ba, amma zafin mai ya matse audugar ta dunƙule, gashinta kuma ya sulale ya bi mai, ya toshe ƙananan hanyoyin da ke shayar da injin. Ƙarfe ya ci ƙarfe. Baba ya zauna a ƙasa da abin a hannunsa, ya kasa ɗaga kai. Inna ta sauko da kanta, ta tsaya tana duban gabas, inda duwatsu suka yi shuɗi daga nesa. Ta tambaya, “Bayan waɗancan ne teku?” Ya ce, “Da saura, Inna.” Ta miƙa hannu ta karɓi baƙin ƙyallen, ta ce, “Ba laifinka ba ne, Isa. Tashi, kada mijina shi ga kana kuka.”

Kafin a sami motar da za ta ja mu, kafin a kai ga wata dabara, jiragen alhazai sun tashi. Aka jawo lorin har gida, ta zauna a bayan danga, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Inna ta wanke ƙyallen da toka, ta wanke da sabulu, bai yi fari ba. Da sanyi ya zagayo ta hura wuta kamar kullum, amma idan muka ce ta ba mu ta tulu da ƙwarya, sai ta ce ta manta. Ba ta ga wata tsinkar auduga ba bayan wannan. Da mata suka zo yi mata sutura, likkafanin ya gaza, ƙafafunta suna waje. Sai da aka ƙara da yadin kanti. Baba ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, amma bai ƙara riƙe sitiyari ba.

Ni na riƙe, har ƙarfina ya ƙare. Ban taɓa barin wani ya canza mini matatar mai ba, ban kuma taɓa sa wadda ba ta motar ba, ko da zan kwana a tasha ina jiranta. Yaran mota suna yi mini dariya idan suka ga ina gwada sabuwa da tsohuwa, tsawo da kauri da huji, kamar mai zaɓen zobe. Ban taɓa ba su labari ba.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar nan gargaɗi ce a kan butulci, domin haushin tulu da ƙwarya nake ji. Da na girma na ga 'ya'yanmu sun yi karatu, sun shiga birane, suna jin kunyar Hausar kakanninsu, sai na ce ashe labarinmu take ba mu. Amma yanzu da na kai shekarunta, abin da ke hana ni sukuni daban ne. Ƙyallen tatsuniya ya yarda a bar shi a ƙofa. Inna ba ta taɓa yarda ba. Ita shiga take so, da ƙafarta, kuma tsananin son shigar ne ya sa ta yanki likkafaninta.

Shekarar da Allah ya kira ni Makka aikin hajji, na tafi da wannan baƙin ƙyalle a cikin jakata. Na zuba masa ruwan Zamzam, na cuɗa shi a hankali, wani alhaji na kusa da ni yana kallona yana mamakin dattijo mai kuka a kan tsumma. Bai yi fari ba, har yau warin mai yake yi. Na matse shi, na riƙe shi a hannuna na dama, na shiga da shi ta ƙofar masallacin Makka.