Ranar da Jirgin Hajiya Kaka Ya Haye Ruwa

Liman na sallame sallar asuba muka nufi tashar Gwarzo, ni da abokina, muna tallafe da jirgin ruwa a naɗe cikin farin yadi. E, jirgin ruwa, a Gwarzo. Tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, amma tun kafin ruwan fari ya sauka nake fama da shi. Wani ƙauye za mu kai shi a bayan Kabo, wajen kakata.

Hajiya Kaka tana yarinya ta je Makka a ƙasa tare da mutanen gidansu. Ta sha ba mu labarin yadda suka haye Bahar Maliya daga Sawakin ta ƙasar Sudan a wani jirgin katako marar inji, wanda iska ke turawa da wani ƙaton yadi. To, kun dai san jika da kaka. Yaran da suka tashi suka ga alhazai na tafiya a jirgin sama sai suka mayar da labarin abin tsokana, har suka laƙaba mata Hajiya mai jirgin zani. Da tana ramawa. Bara sai ta daina ba da labarin ɗungurungum, ta ce tunda duk waɗanda suka gani da ido sun rasu, ita ma ta fara zaton mafarki ta yi. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Shi ne na yi mata alkawarin zan kawo mata jirgin, ta gan shi yana tafiya a kan ruwa.

Abin dubawata hoto guda ne a wani tsohon littafin tarihi na makarantarmu, sai kuma abin da na riƙe daga bakinta. Na sassaƙa ƙashin bayan jirgin da icen maɗaci, na jera masa haƙarƙari, na rufe da siraran katakon da kafintoci suka zubar. Da fasasshiyar kwalba na kankare shi, don albashin malamin makaranta a wannan zamani bai san sanfefa ba. Na toshe kafofin da auduga da kakin zuma, na kafa sanda, na ɗaura yadi mai kusurwa uku. Yatsuna sun sha yanka.

A tasha muka tarar da wahalar mai ta kwantar da rabin motoci, 'yan bumburutu kuwa sai fankama suke da galan-galan. Kuɗin mota ya ninka. Muka karya da koko da ƙosai, kodayake ƙosan bana ya ƙanƙance har sai ka haɗa biyu kafin bakinka ya san an zo. Kwandasta na hango farin ƙunshi a hannuna ya yi salati, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Malam." Ya zaci gawar jariri ce. Da ya ji gaskiyar magana, nan take tausayi ya ƙare, ya ce sai an biya wa jirgin kujera.

Aka jera mata a baya, maza a gaba, yadda aka koma yi tun da aka ƙaddamar da shari'a. Hanya ta yi kyau da shuka: dawa ta fitar da kai, ana ta cirar gyaɗa. Ramukan titi ne dai suka hana ni sakewa, duk wanda muka faɗa sai na ji kamar haƙarƙarina ne zai karye. Wata tsohuwa 'yar Kara ta miƙo mini dafaffiyar gyaɗa daga baya, ta ce in ci in daina zare ido.

Dab da Kabo wasu samari 'yan sa-kai suka tare mu, suna duba giya da kayan kiɗa. Ɗaya ya ɗaga yadin, ya ga ice mai rami ga zaruruwa a ɗaure. Ya sa yatsa ya taɓa zare guda.

"Malam, wannan wace irin garaya ce?"

Abokina ya kusa shiɗewa don dariya. Na danne haushina na yi bayanin cewa irin jirgin alhazan da ne. Sai ga babbansu ya yi kabbara, ya mayar da yadin ya rufe jirgin da hannunsa, ya ce mu sa shi a addu'a in mun isa.

Mun sami Hajiya Kaka a kan tabarma. Idonta ya yi rauni, don haka da hannu ta bi jirgin tun daga goshi har baya. Sannan ta ce, "Shi ne." Ko furar da aka dama mana ba ta bari mun shanye ba, ta sa aka ɗaura wa shanu amalanke. Aka ɗora ta, muka gangara bakin dam ɗin da ke bayan ƙauyen, rabin gari na biye da mu.

Na naɗe wando na shiga, na yi bisimilla, na saki jirgin. Iska na bugun yadin, jirgin ya kwanta a gefe ɗaya kamar jakin da kaya suka rinjaya. Jikoki suka fashe da dariya. Wallahi ji na yi kamar in nutse a wurin, ba don wahalata ba, sai don tsohuwar da na tara wa jama'a.

Ita kuwa ko a jikinta. Ta ce a kawo mata shi, ta zura hannu ciki.

"Kai, ina alhazan? Wa ya ce maka fanko yake tafiya? Can ƙasa aka cusa mu kamar buhuna, wanda ya miƙe tsaye sai matuƙa su daka masa tsawa."

Ta sa aka tsinto mata duwatsu. Tana sakawa tana kiran suna: wannan Baba ne, wannan Yaya, wannan wani malamin Katsina da ya yi ta amai. Na ƙarshe wani ɗan sumul ne, ta daɗe tana juya shi a tafin hannu.

"Wannan Inna ce. A Sawakin muka binne ta, ba ta samu ta hau ba."

Babu wanda ya taɓa jin wannan a cikinmu. Dariya ta ɗauke.

Na sake sakin jirgin. Ya ɗan yi tangaɗi, ya zauna daram, yadin ya cika da iska, sai ga shi yana tsaga ruwa. Jama'a suka kaure da kabbara, mata na guɗa, jikokin nan masu baki su ne a gaba wajen gudu a gaɓa. Ni kaina ban san lokacin da na jefar da hulata ba. Abokina na tsaye kusa da amalanke yana faɗa wa Hajiya Kaka inda jirgin ya kai, har ya taɓa wancan ƙetaren, inda wasu masunta suka tare shi suka dawo mana da shi.

Hajiya Kaka ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Alhamdu lillahi. Yau Inna ta haye."

Bayan la'asar muka kamo hanyar gida a bayan motar rake, hannuna wayam, zuciyata fari ƙal. Jirgin na can a kan jerenta, da duwatsunsa a ciki. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, na iya haɗa katako, amma ban tambayi su wa suka zauna a ciki ba, ga kuma mai amsar tana raye. Sa'ad da muke fitowa, na baro jikokin zagaye da ita, suna roƙo ta faro musu labarin tun daga ranar da suka bar gida.