Peg Thibodeau da Harsashi Mai Lamba Talatin da Biyu

Ƙarfe bakwai saura kwata Peg Thibodeau take ajiye motarta a bayan ofishin binciken laifuka na jiharmu, ta gangara ɗakin ƙasa da kofi a hannu. Kafin ta taɓa aikin ranar sai ta leƙa durowoyinta. Harsasan ƙananan bindigogi ne a ciki, sun haura dubu huɗu, kowanne da takardar da ta rubuta shekarar da aka fara ƙera shi da irin bindigar da ke cin sa. Wasu ta gaje su ne daga mahaifinta, maƙerin bindiga a masana'antar bakin kogi kafin a rufe ta. Shekararta talatin da ɗaya tana aikin binciken harsasai. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

'Yan sanda suna kiran ɗakin gidan tarihi, kuma ba yabo suke nufi ba.

Ni magatakardan kotu ne, abin da ya shige ta gabana zan faɗa. Wata shekara aka harbe wani mai gyaran takalma a shagonsa. Aka kama Alvin Prudhomme, direban motar makaranta, domin sun yi cacar baki da mamacin, kuma yana da ƙaramar bindiga mai cin harsashi lamba talatin da biyu, irin mai tofar da kwanson harsashi in an harba. Harsashin da aka ciro daga gawar irin nata ne. Sajan Dombrowski ya sauko da harsashin wajen Peg.

"Sa hannunki kawai nake so, Peg, ba darasi ba."

"To ja kujera, Sajan, darasin za ka sha. Ina kwanson?"

"Ba mu gani ba. Alvin ya tsince abinsa."

"Ko kuma babu wanda ya faɗi."

Kwana uku ta yi a kan madubin ƙara girma. Ta san tun ƙarshen ƙarni na sha tara aka ƙera harsashin nan da ɗan leɓe a gindi, shi ya sa yake zama a tsofaffin libarba, bindigogin hannu masu gidan harsashi mai juyawa, kuma tun da can mutane sukan cusa shi a ciki in sun rasa na ainihi. Libarba ba ta zubar da kwanso. Zanen jikin harsashin ya nuna ya zame kafin ya kama hanya, kamar yadda yake yi a libarba. Alvin bai taɓa mallakar libarba ba.

Lauyan gwamnati ya matsa mata ta sassauta rahoton, ta ƙi. A kotu ya ce, "Wato kina cewa mutumin nan bai yi kisa ba?"

Ta ce, "Ban san abin da ya yi ba. Na san abin da bindigarsa ba ta yi ba."

Aka saki Alvin bayan wata biyar a tsare, aikinsa kuwa ya riga ya tafi. Bayan shekara biyu aka kama wani ɗan fashi da tsohuwar libarba, Peg ta gwada, ita ce aka yi kisan da ita. Hoton Sajan jarida ta buga.

Ke ce ba ki taɓa rubuta abin da idonki bai gani ba, Peg. Shaidarki ta kai mutane da yawa kurkuku, har da waɗanda kika ji tausayinsu, ba ki ƙara ba, ba ki rage ba. Mun gode. Ku kuma masu shigowa aikin, ku yi haƙurin koyon tsofaffin abubuwa, kuma in an matsa muku ku tsaya a kan abin da kuka gani.

Da zan yi rubutun nan na je wajen Alvin, yanzu katako yake sayarwa. Na tambaye shi ko yana da saƙo ga Peg.

"Sau ɗaya na taɓa ganinta, ko kallona ba ta yi ba," ya ce. "Ka gaya mata jikokina shida, duka a hannuna aka fara sa su da aka haife su, ba ina kurkuku ba."