'Yar Kenyata Daga Jos

Lokacin annobar korona ina koyarwa a Doha, gidanmu yana unguwar Bin Mahmud. Da aka sake buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa, kullum da sassafe nake sauka tasha, in nuna wa mai gadi manhajar korona da ke wayata ya ga lafiyata ƙalau, in wuce. Kowa da takunkumi, ba a ganin komai sai ido.

A tashar na saba da wata ma'aikaciyar jinya, doguwa, mai shuɗin kayan asibiti. Ni kaɗai na yanke cewa 'yar Kenya ce. Da guntun Larabci muke gaisawa, in jirgi ya iso ta ce "Yalla," mu shiga, mu zauna da kujera guda a tsakaninmu. Haka muka yi wajen shekara biyu.

Sai ga gasar ƙwallon duniya. Aka ajiye takunkumi, tasha ta cika da baƙi har ba wurin sa ƙafa. Wata ranar da yamma muka haɗu da ita a hanyar komawa gida, cikin taragon da 'yan Ghana suka cika da ganguna. Wani ƙato mai fenti a fuska ya dubi abokinsa ya ce da Hausar zango, "Kai, matsa, kar ka taka Balarabiyan nan."

Na ce, "Ai ya riga ya taka."

Ƙaton ya saki ganga ya yi ihu, "Hajiya ya ji Hausa!"

Sai na ji 'yar Kenyata ta ce, "Sannu, Hajiya. Ƙafar ba ta ji ciwo ba dai?"

Na juya, baki buɗe. "Sista, ke 'yar ina ce?"

"Jos. Ke kuma Zariya, kusa da kasuwa. Tun makon farko na sani."

Ashe duk wayar da nake yi da yayata a cikin jirgi tana ji. Ta san miyar kukata ta ƙare, ta san maigidana yana munshari, ta san ranar da na ce, "Ga 'yar Kenyar nan ta zo da jakarta kamar za ta aikin hajji."

Na ce, "To me ya hana ki magana?"

Ta ce, "Daga gida sai asibiti, Hajiya, ba talabijin ɗin da ya kai ki. In na yi magana ai kin daina."

Kunya ta kama ni, dariya kuma ta ƙi tsayawa, har muka wuce tasharmu. 'Yan Ghana suka raka mu ƙofa da kiɗa, muka hau jirgin da zai dawo.

Ranar Juma'a ta zo gidana da gwaten acca a kula. Maigidana ya fito gaishe ta, ta durƙusa da ladabi ta ce, "Alhaji, ina wuni? Ya barci?" Ya amsa da fara'arsa, bai gane abin da ya sa na gudu kicin ba.