Takardar Baƙin Man Motata

Shekarun baya, lokacin sojoji na riƙe da mulki, ina jan wata tsohuwar ƙaramar bas tsakanin Filinge da Yamai. Motar ta ci hanya sosai, amma ita ke ciyar da gidana. A tashar, ni ake kira idan inji ya canza murya. In tsoma yatsa a baƙin mai, in murza, in sansana, in yanke hukunci. Na ji daɗin wannan girman fiye da yadda nake nunawa.

Sai abokina ya dawo gida. Tare muka tashi, shi ya yi lakwal, wato makarantar boko, ni ban yi ba. Ya shekara da yawa yana tuƙi a wani kamfanin haƙar ma'adinai can arewa, ya dawo da bas wadda ta fi tawa girma. Ya zo da wata ɗabi'a: in ya yi juyen mai, wato canza baƙin mai, sai ya ɗebi tsohon kaɗan a kwalba ya aika wa surukinsa da ke aiki a ɗakin gwajin kamfanin. Bayan makonni takarda ta zo da Faransanci da lambobi, ya karanta, ya faɗi abin da ke cin injin tun bai nuna ba.

Direbobi suka koma ƙarƙashin bishiyar da yake zama a tasha. Na riƙa cewa ai mota ba mace mai ciki ba ce da za a kai ta awo. Aka yi dariya, amma ba wanda ya dawo wurina.

Ana haka motata ta fara shan baƙin mai fiye da da. Yatsana bai gaya mini komai ba. A ɓoye na ɗebi man, na sami surukin nasa da ya zo hutu, na roƙe shi ya gwada mini, kada kuma ya faɗa wa kowa.

Takarda ta zo, na rasa mai karantawa. Na kai wa wani mushe, malamin lakwal a Damana, ya karanta kalmomin tas, ya ce ma'anar lambobin kam bai sani ba. Na kai wa majo, ma'aikacin jinya a likita, ya juya ta, ya ce in da jinin mutum ne da ya taimake ni. Kwana tara tana aljihuna har ta fara yagewa a ninki. Matata ta ce tun da takardar nan ta shigo gidan ban ci tuwo da daɗi ba, kuma kowa ya san inda mai karanta ta yake zama.

A rana ta goma na sami abokin nawa yana wanke mota. Na ce wani direba ne daga Tondikandiya ya ba ni in nemo mai duba masa. Ya goge hannu, ya karɓa, ya daɗe yana kallo.

Ya nuna mini layi ɗaya ya ce wannan yashi ne, ya yi yawa ƙwarai. Na ƙasansa ƙarfe ne da inji ke gogewa daga jikinsa, shi ma ya hau. Ruwa bai shiga man ba, wannan abin godiya ne. Ya ce in yashi da ƙarfe suka tashi tare, ƙasa ce ke samun hanya tana wuce matatar iska.

"Ka hwaɗa ma mai motag ga ya duba tiyon iska tun yau," in ji shi. "Kak ya ɗauki lodin kasuwa sai ya gyara. Injin nai na da sauran rai."

Na yi godiya a madadin mutumin Tondikandiya. Ina isa gida na cire kujerar da inji ke ƙarƙashinta, na bi tiyon da hannu. Ta ƙasa, inda ido ba ya kai, ya tsage tsawon yatsa, cikinsa duk jar ƙasa. Na canza shi, na yi juye. Motar ta ƙara mini shekaru huɗu.

Sai bayan an koma mulkin farar hula, ɗiyata ta shiga lakwal, ta ci karo da takardar a akwati tana gwada karatu. Ta karanto mini layin farko: lambar motata ce, rubuce ɓaro-ɓaro a sama.

Ashe abokina ya gani tun ranar. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko a raha, har yau da muka tsufa muka bar tuƙi.

Zan so in ce kishin ya tafi daga nan, amma ƙarya zan yi. A da ina jin haushin ya fi ni karatu. Yanzu in na zauna kusa da shi a masallaci, abin da ke ɗan sukata shi ne, da ni ne na riƙe takardarsa a wancan lokacin, da kafin la'asar duk tashar ta ji.