Baƙaƙen 'Yan Awakin Birnin Lalle

Mun bar Maraɗi ana idar da sallar asuba, ni da wani abokina mai aikin duba dabbobi. Ban yi karin kumallo ba, don tun jiya da Gwaggo ta kira ni hankalina bai kwanta ba. Ita ce ke riƙon bunsurun ƙungiyar matan ƙauyensu, kusa da Birnin Lalle. Ƙungiyar na kiwon jajayen awaki zalla, irin na Maraɗi, amma bana sai ga baƙaƙen 'ya'ya. Mata suka ce Gwaggo ta sayar da bunsurun kirki ta musanya da gauraye, kuma da la'asar za a zauna a fitar da ita.

"Kai ne mushe, malamin ilimin halittu a makarantar lise," in ji ta a waya. "Ka taho ka gaya musu ban ci amana ba."

Motar tasha ta cika maƙil. Kuɗinta ya ƙaru a kan na bara, gudunta kuwa ya ragu. Gero ya fid da kai dama da hagu, amma ni agogo nake ta kallo. A Kornaka direba ya tsaya shan shayi kamar wanda ya iso gida. Abokina ya sayi ƙosai ya miƙo mini, na karɓa na riƙe har ya huce.

Mun shiga Dakoro rana ta take. Muka sha fura da nono a tsaye, na sai wa Gwaggo cuku, sannan muka hau kabu-kabu. Ruwan shekaranjiya ya cinye hanya. Sau da yawa muna sauka mu tura babur cikin rairayi, mai babur na ba mu haƙuri kamar shi ya yi ruwan.

Mun tarar mata sun riga sun taru a gindin gawo. Gwaggo na zaune gefe ita kaɗai, bunsurun na ɗaure a kusa, ja wur, yana tuƙa abinsa. Na durƙusa na gaishe su, na roƙi shugabar ƙungiya ta ba ni dama kafin a yanke magana. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan Gwaggonka ne kai, mi za ka ce in ba kare ta ba?"

Na ce mata ba ni zan yi magana ba, su za su yi. Na sa aka kawo ƙwaryar aduwa da gawayi. Na ja layuka a ƙasa, kowane gida da nasa. Kowace mace ta jera aduwa ɗaya a kan kowane jan ɗan akuya da aka haifa mata bana, guntun gawayi kuma a kan kowane baƙi. Aka fara ana dariya, wata na cewa mushe ya zo wasan dara. Ni kuwa gumi nake, don ban san abin da ƙasar za ta nuna ba.

Da aka gama, layukan aduwa sun yi tsawo ko'ina. Gawayi kuwa bai bazu ba. Yawancin gidaje ba su da ko guda, ya taru a gidaje ƙalilan, har da na shugaba. Abokina ya tambayi masu gidajen asalin awakinsu. Ɗaya ta ce uwar akuyarta baƙa ce, ta gado. Wata ta ce kakar tata. Shugaba ta ce ita ma uwar akuyarta baƙa ce, a kasuwar Dakoro mijinta ya sayo ta.

Sai na yi bayani yadda nake yi wa ɗalibai. Kowane ɗan akuya na ɗaukar launi kashi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ja na danne baƙi, saboda haka akuya na iya zama ja a ido alhali tana ɗauke da baƙi a jini. Baƙin ba ya fitowa sai ya haɗu ta gefe biyu. Da laifin bunsuru ne kaɗai, da babu baƙi ko ɗaya.

Sauran maganar kuwa ba za ta yi wa Gwaggo daɗi ba. Bunsurun ma yana ɗauke da baƙin, tun ranar da aka kawo shi, kuma ba mai iya gani da ido. Ba a musanya shi ba, amma in jajaye zalla suke so, sai sun sake wani.

Aka ɗan yi hayaniya. Wata tsohuwa ta ce ita dai ba ta yarda da jinin da ba a gani ba. Amma shugaba ta tashi ta je ta zauna a tabarmar Gwaggo, ta kama hannunta.

"Ki yi haƙuri, Yaya. Sabon ma ke za ki riƙe shi."

Gwaggo ta gyaɗa kai. Da za mu tafi na same ta a bayan ɗaki tana ba bunsurun dusa tana share ido da gefen zane. Ta cika mini jaka da gyaɗa, ta ce in gaida yara.

Mun kwana Dakoro, washegari muka iso Maraɗi da hantsi. Shekaru nake zana wa ɗalibai irin waɗannan layuka a allo, suna kwafa suna hamma. Ban taɓa tsayawa a gaban layukan gabana na faɗuwa ba sai a gindin gawon nan, inda mutuncin Gwaggo ke jiran abin da za su nuna. Sun wanke ta, sun kuma raba ta da dabbar da take so, duk a zama ɗaya.