Kawu Ilu, Ministan Jaje

Duk wanda ya zauna da Kawu Ilu ya san ba a yi masa magana in ana labaran duniya. Rediyon nan nasa mai ɗaurin roba yana manne da kunne, ido a rufe, ko gobara ce ta tashi a gidan sai dai ta jira a gama. Abin da muke tsoro shi ne mu ji ya ce, "Inna lillahi! Hure, miƙo mini babbar riga." To shi ke nan, wata ƙasa ta shiga uku, mu ma mun shiga.

Yayan mahaifiyata ne. Kayan marmari yake sarowa a Zuba ya sayar a rumfarsa ta kasuwar Gudu. Aƙidarsa ɗaya ce: tunda ƙasashen duniya suka zo suka kama gidaje a Maitama, sun zama maƙwabta, maƙwabci kuwa in abu ya same shi ana zuwa. Girgizar ƙasa, ambaliya, jirgi ya faɗi, sai ya cika kwando da lemo ya tafi ofishin jakadancinsu jaje. In zaɓe aka yi lafiya ko aka ci ƙwallo, kankana ce ta barka. 'Yan kasuwa suka sa masa Ministan Jaje, shi kuwa yana amsawa har da gyara hula.

Gwaggo Hure, matarsa, ba ta taɓa ƙyale shi ya fita salin alin ba. Allah bai ba su haihuwa ba, dangi duk suna can Katsina, don haka kullum maganarta ɗaya: "Ka gama zagaye duniya da lemo, mu ga wanda zai zo naka." Shi kuma ya ce, "Zumunta a ƙafa take, Hure," ya sa kai.

Ni tsautsayina shi ne na sayi mota. Ranar da na kai masa ita ya sa albarka, ya zagaye ta sau biyu ya ce, "Uwata, but ɗin motar nan zai ci kwando uku." Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsu na ci. Wai ni da digirina biyu, da kujerata a ma'aikata, na koma direbar Minista a lokacin cin abincin rana.

Zuwanmu na farko ban manta ba. Maigadin, wani dogo mai suna Joseph, ya leƙo ta ƙaramar taga ya ce, "Baba, kana da takardar izini?"

"Izinin me?"

"Na ganin oga."

"Yaro, ruwan da ya cinye musu gari ya nemi izini? Jaje na zo."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Aka zo da wata na'ura aka bi lemon nan ɗaya bayan ɗaya tana ƙara. Kawu ya shimfiɗa dardumarsa a gindin get, ya yi addu'a mai tsawo ga mutanen da ko sunan garinsu bai iya faɗa ba, masu gadi suna cewa amin, Musulminsu da Kiristansu. Muna juya mota na hango su ta madubi suna ɓare lemon.

Na ce, "Kawu, ka gani? Masu gadi ne ke shanyewa. Jakada ko labari ba zai ji ba."

Ya ce, "To da wa zai sha? Ƙasa tana da baki ne? Wanda ka tarar a ƙofa ai shi ne mai gida."

Sau ɗaya na ga kansa ya ɗaure, ranar da sojoji suka yi juyin mulki a wata ƙasa. Ya tsaya a rumfa, hannu ɗaya kan lemo, ɗaya kan kankana. Rabin masu magana a rediyo suna kuka, rabi suna guɗa. Can sai ya zaro wata ɗanyar gwanda, kore shar, mai tauri kamar dutse. Da muka isa ya miƙa wa maigadi ya ce, "To, ya muka ji da wannan al'amari?" A mota na ce, "Kawu, wannan gwandar ai ba ta ciwuwa." Ya ce, "Kafin ta nuna an gane ko jaje ne ko barka."

Sai kuma shekarar da wasu ƙasashe biyu suka kaure da yaƙi, ga ofisoshinsu a layi ɗaya, katanga uku tsakani. Kawu ya raba lemo daidai wa daida, har ya cire ɗaya daga wannan kwando saboda ya fi girma. A get na farko ya ce wa maigadi, "Maƙwabtanku na can ƙasa sun ce a gaishe ku, sun ce abin bai yi musu daɗi ba." A na biyu ya maimaita, bai canza ko wasali ba.

Na ce, "Haba Kawu! Wa ya aike ka?"

"Ƙaryar sulhu ba ƙarya ba ce, je ki tambayi malamai."

Masu gadin nan biyu fa 'yan Zariya ne, unguwarsu ɗaya, a kwano ɗaya suke cin abinci. Amma da aka tsagaita wuta bayan 'yan makonni, Kawu ya shiga kasuwar Gudu yana taku ɗaiɗai, yana amsa gaisuwa da hannu biyu. Wani ya ce, "Minista, an ce an sasanta." Ya ce, "Ai na yi musu magana."

Da idonsa ya yi yana, likita ya ce aikin sai a waje, ni na raka shi. Ƙasar kuwa tana cikin waɗanda ya taɓa kai wa jaje. Wurin cike fom ɗin biza na karanta masa, "Ka san wani a can?" Ya ce, "Rubuta duka." A filin jirginsu aka buɗe jakarsa, sai ga lemo goma sha biyu a naɗe cikin rawani, ban san lokacin da ya cusa su ba. Jami'in ya ce ba a shiga da 'ya'yan itace, ya kwashe. Ina ta ba da haƙuri, gumi yana keto mini a cikin sanyin nan, Kawu kuwa murmushi yake yi. "Gaya masa ya sha, dama nasu ne. Ki ce ya haƙurin ambaliya." Ambaliyar da aka yi shekara bakwai da suka wuce! Bawan Allah ya saki baki yana kallonmu.

Bayan an buɗe masa ido, muna zaune a harabar asibitin, sai ga wata baƙar mota an fito da gawa, mutane 'yan kaɗan suna bin ta. Kafin in ankara Kawu ya miƙe da silifas ya bi sahu har bakin titi, ya tsaya hannu a ƙirji sai da motar ta ɓace. Ya dawo ya zauna. Ranar ko labarai bai nema ba.

Sai a jirgi muna dawowa ya ce, "Uwata, masu rakiyar gawar nan su shida ne. Har da direban." Sannan ya ce, "'Yan kasuwa za su raka ni, na sani. Amma mai kayan marmari ba ya zaman makoki, kaya na ruɓewa. Kwana uku Hure za ta zauna ita da tabarma." Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Kawu ba sai ranar. Na ce masa ina nan, ya ce, "Ke ɗaya ce, kuma kina da ofis."

Ya rasu da damina, bayan ciwon kwana biyu. Aka kai shi, 'yan kasuwa suka yi addu'a suka koma rumfuna kamar yadda ya faɗa. Na shimfiɗa tabarma uku a ƙofar gida, zuciyata tana ce mini ɗaya ma ta isa.

La'asar na yi sai ga Joseph da mutum tara, wasu da kakinsu. Washegari da safe wasu daban suka zo, idanu jajur, daga aiki suke. Ashe tsarawa suka yi kamar yadda suke karɓa-karɓar gadi: waɗanda suka tashi da safe su zauna har azahar, masu hutu su karɓa, na rana su zo da yamma. Masu gadi, masu ban ruwan fulawa, direbobi, masu dafa abinci. 'Yan Zariyan nan biyu suka shigo riƙe da kwando ɗaya, kowa da kunne guda. Sai da na aro tabarmi a masallaci. Kwana ukun nan wurin bai taɓa zama babu kowa ba.

Ranar uku Gwaggo Hure ta leƙo, ta ƙare musu kallo, halin nata bai bar ta ba. Ta ce, "To ina jakadun? Ko ɗaya bai zo ba?"

Joseph ya russuna ya ce, "Mama, Baba ya ce wanda ka tarar a ƙofa shi ne mai gida. Mu ne ƙasashen."

Ta koma ɗaki, na bi ta. Na same ta zaune da rediyon a cinya, tana dariya hawaye na zuba. Ta ce, "Ja'irin tsoho. Ya kayar da ni."

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yafe masa har da ƙaryar sulhun. Yadda bai bar maƙwabci shi kaɗai da baƙin ciki ba, ya Allah kada ka bar shi shi kaɗai a kabarinsa. Amin.